Gafara da Hagu

Mutumin da ya kai ni Akara ya ɓace tun kafin in gane hanyar masallaci. Ba zan kira sunansa ba, don na tabbata ba shi aka raɗa masa ranar suna ba. Mai kwat ne, mai yawan fara'a. Ya tara mu samari daga garuruwa daban-daban da alkawarin wasu Amurkawa za su zo su gwada mu a wasan besbol, wanda ya dace su tafi da shi. Ya sauke mu a wani masauki kusa da teku, ya karɓe ɗan abin da kowa ya zo da shi wai na gyaran takardu, ya ce bari ya je filin jirgi ya taro baƙin. Har yau bai dawo daga taryar ba.

Sunana Lawali, mutumin wani ƙauye ne a gefen Badarawa, ƙasar Shinkafi. Wanda bai san besbol ba, ga shi a taƙaice. Mutum ɗaya zai hau ɗan tudu ya jefa ƙwallo mai tauri, girman lemo, zuwa ga abokinsa da ke tsugune yana tarawa. A tsakaninsu akwai ɗan ɗaya ɓangaren riƙe da gora, yana son ya make ƙwallon ya ruga ya zagaye zango uku ya dawo gida. Aikin mai jifa shi ne ya hana shi. Na koyi wasan a Kaura Namoda ina sakandare, wurin wani ɗan bautar ƙasa Bayarabe da ya zo mana da buhun ƙwallaye da manyan safunan fata na cafe ƙwallo. Duk safunan da ke buhun na hagu ne, wato ka cafe da hagu ka yi jifa da dama. Na zura haguna a ciki. Gaskiya ma daɗi na ji, don tun ina yaro nake neman inda zan ɓoye hannun nan.

Bahago aka haife ni. Babanmu ya rasu ban yi wayo ba, Inna ce ta riƙe mu, kuma ta ƙudura a ranta ba za a taɓa cewa ɗan da mace ta raina bai san hannun cin tuwo ba. In na miƙa hagu cikin akushi sai in ji ludayi a bayan hannu. Da ludayi ya gaza sai ta koma cusa hannun cikin riga ta ɗaure da ɗankwali. A wurinmu hagu na tsarki ne. Ba a ci da shi, ba a gaisawa da shi, ba a miƙa wa mutum abu da shi, balle wanda ya girme ka. In ya zama dole, sai ka tallabo shi da dama ka ce "gafara da hagu", wanda ka ba ya ce "ba komi". Kafin in shiga firamare na koma na dama sarai. Wuri ɗaya ne hagu ya tsira, a gona. In dawa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki suka sauko, ni ake turawa tsaro, kuma a can babu mai kallona. Sai in ɗebi hogen ƙasa in yi ta jifa da hannun da jikina ya fi so. Tsuntsu ba ya kai ƙara wurin Inna.

A Akara, da mai masauki ya gaji da mu ya fito mana da jakunkuna, kowa ya kama gabansa. Ni na bi tambaya har Nima, unguwar da Hausawa suka yi yawa. Hausar can wata iri ce, mace da namiji duk "ya" ne, na zauna a masallaci ina jin ta kamar ana yi mini magana ta bayan katanga. Bayan azahar na gaida wani tsoho da ke kusa da ni. Sai ya tsaya da jan carbi.

"Kai, sake hwaɗi in ji. Kai mutumin ina na?"

"Shinkahi, Baba."

"La ilaha! Ni ɗan Moriki na. Tashi mu tahi, ba ka kwana masallaci ina garin ga."

Baba Na-Moriki ake ce masa. Ya biyo shanu yana saurayi ya maƙale a can, ya zama mahauci mai teburi a kasuwa. Bai tambaye ni yadda aka yi ba sai da na ci na ƙoshi. Da na ba shi labarin mai kwat, sai ya ce ba ni ne na farko ba, kuma in daina sunkuyar da kai kamar ni na yi satar. Ya ba ni tabarma a zaurensa, ya ba ni aikin naɗe nama da wanke teburi.

Wata rana dutsen sikeli ya gangaro daga bakin teburi zai faɗa wa wata mata a ƙafa. Kafin in yi tunani hannuna ya cafe shi. Da matar ta wuce, tsohon ya dube ni ta gefen ido yana murmushi.

"Ashe kai bahago na."

"A'a Baba, dace na kawai."

"Ni za ka yi ma ƙarya? Ni da nit tashi cikin dambe, ga hagu aka naɗa min zare. Na san hannun da ka riga mai shi tunani."

"Mu manoma na, Baba, ba 'yan dambe ba."

Maganar ta fita kafin in auna ta. Na sha jinin jikina, don ga ni ina cin tuwon mahauci ina yi masa fahari da garma. Amma sai ya bushe da dariya har yana riƙe teburi, ya ce to manomi ya zo ya kwashe ƙasusuwan nan. Bai ƙara tayar da zancen ba.

Safata ta cafe ƙwallo, wadda ɗan bautar ƙasan nan ya bar mini, ita ce kaɗai mai kwat bai ga amfanin ɗauka ba. Ran Asabar nakan saƙala ta in je wani fili inda na ji wani Bajapane na koyar da besbol kyauta. Morita sunansa, gajere, mai furfura a gefen kunne, yana jin Turanci daidai nawa, wato na ciniki. Ya daɗe yana kallon jifata. Da wa'adinsa ya cika zai koma gida, ya gaya mini zai karɓi aikin koci a wata ƙaramar ƙungiya a tsibirinsu na arewa, in ina so zai nema mini gurbi. Na amsa da baki kawai, don na riga na ɗanɗana alkawarin baƙo. Sai ga shi wannan karon takardu sun zo, bayan damina ta wuce rani ma ya yi nisa. Baba Na-Moriki ya shanya mini kilishi da hannunsa. A filin jirgin Japan suka karɓe shi duka, wai ba a shiga ƙasarsu da nama. Jami'in yana ta rusunawa yana ba ni haƙuri, ni kuwa ina kallon kilishin ana jefa shi cikin kwandon shara. Ranar ce na fara yin ƙwalla tun barina gida.

Garin da ƙungiyar take ƙarami ne, tsakanin duwatsu. Su a wurinsu bazara ta shigo, amma ƙanƙara na nan jibge a gefen fili, sanyi kuwa har cikin haƙori. Abin da ya fi sanyin damuna shi ne shiru. Babu kiran salla, babu kukan jaki, babu mai tsayar da kai a hanya ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Kowa zai rusuna maka da ladabi ya wuce.

Ƙungiyar ba ta masu hali ba ce. Da safe kowane ɗan wasa yana aiki a gonar wani, da rana a haɗu a fili. Ni aka kai ni wurin wata tsohuwa mai suna Fumi, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni. Na kira ta Kaka, ta karɓa. Da ta buɗe rumfar roba na ga abin da take renon irinsa, sai na yi dariya ni kaɗai. Albasa ce. Na ƙetare duniya don in guje wa fadama, ga albasa ta riga ni isowa. Kaka Fumi ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu, amma da ta ga yadda na riƙe dashe ta san ba a ranar na fara ba. Ta ware mini tukunyar da naman alade bai taɓa shiga ba. Da ta gan ni ina salla a bayan sito kan ƙasa mai sanyi, washegari na tarar ta share wani lungu a ciki, ta shimfiɗa tabarma, ta ja layi da alli daidai inda ta ga na fuskanta.

A waya nake jin gida. A shekarar ne hanyar ƙauyenmu ta gagara, 'yan bindiga suka hana kowa zuwa gona, Inna da ƙannena suka dawo Kaura suka raɓa a gidan Kawu. Gonar da na yi tsaron tsuntsu ta koma daji. Ɗan abin da nake aikawa shi ne tukunyarsu. Don haka duk ƙwallon da na jefa, na san ba ni kaɗai ke kan tudun nan ba.

Mai tara mini ƙwallo shi ne Takeda, wanda ya girmi kowa a cikin 'yan wasa. Shi ma da jifa ya fara, gwiwar hannunsa ta mutu, aka mai da shi tsaron zango na uku, ƙafa ta yi nauyi, daga ƙarshe ya tsuguna a bayan mai bugu yana tarawa. Da asuba motar madara yake tuƙawa. Ba shi da yawan magana. In jifa ta yi kyau ya gyaɗa kai, in ba ta yi ba ya maido maka ƙwallon da ɗan ƙarfi, ka ji saƙon a tafin hannunka.

Jifata ta dama tana da gudu, amma miƙaƙƙiya ce kamar hanyar jirgin ƙasa, masu bugu ba su daɗe ba suka haddace ta. Sai na riƙa ƙara ƙarfi don in rufe abin da ban iya ba. Ana tsakiyar zafi, wata rana na saki ƙwallo na ji wani abu ya ce ƙas a kafaɗata. Likita ya duba hoto ya ce jijiya ce, sai an daɗe ana hutu, kuma ko ta warke kada in sa rai za ta koma yadda take.

Daga nan na shiga yawon gurabe. Morita ya kai ni tsaron zangon farko, inda cafewa ta fi jifa yawa. Cafewa kam na iya, amma mai tsaron wurin dole ya iya bugu, ni kuwa gora a hannuna kamar taɓarya ce a hannun namiji. Aka mai da ni can bayan fili. In ƙwallo ya zo na cafe, sai in rasa yadda zan maido shi, ina ji ina gani mutum zai zagaye ya shige gida. Daga nan sai benci. Na koma mai tsince ƙwallaye da yayyafa wa fili ruwa. Morita bai ɓoye mini ba. Ya zaunar da ni ya ce masu ƙungiya ba za su sabunta mini izinin zama ba in lokacin kaka ya yi ba ni da gurbi a cikin fili. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma na san gaskiya ya faɗa.

A daidai lokacin ne bahagon mai jifa ɗaya tilo da muke da shi ya samu babbar ƙungiya ya tafi. A wasan nan bahago tsada gare shi, don ƙwallonsa ta wata kusurwa yake zuwa, masu bugu ba su saba ba. Kullum Morita na ƙorafi, yana cewa da zai samu bahago ko gurgu ne da ya ɗauka. Ina tsaye da tiyo a hannu ina jin sa, ban taɓa ɗaga kai ba.

Mai karatu zai ce wauta ce. Wataƙila. Amma ni a raina lissafin a fili yake. Jifan tsuntsu daban, jefa wa mutum abu daban. In na jefa wa Takeda ƙwallo, miƙa masa na yi. Mutumin da ya girme ni, ya tsuguna a gabana cikin ƙura don ya karɓi abu daga hannuna, in ba shi da hannun tsarki? Ko tunanin na yi sai in ji bayan hannuna yana zafi.

Ranar da asirina ya tonu muna cire albasa ne. Kaka Fumi tana da 'yar masara a gefen gona wadda hankaki suka sa wa ido. Hankakan can baƙaƙe ne ƙirin, babu farin ƙirji, kuma ba su da kunya ko kaɗan. Ta rataya ƙyalle, ta kafa mutum-mutumi, suka mai da shi wurin hutawa. Muna zaune muna cin abincin rana sai ga su sun sauka. Raina a ɓace yake dama. Na ɗauki hoge na saki daga gefe, ƙasa-ƙasa, yadda na saba a gonar Inna. Hogen ya tafi kamar zai wuce, ya lanƙwaso ya fashe a kan sandar da babbansu ke tsaye. Na ƙara na biyu, ya tarwatse a tsakiyarsu suna tashi.

Da na juyo, tsohuwa ta ajiye kwanonta tana kallon hannuna. Ashe ita da mijinta sun shekara da shekaru suna sauraren besbol a rediyo. Ta nuna haguna, ta yi wata doguwar magana da ban ji ko kalma ɗaya ba, ta ciro waya daga aljihun rigar aikinta. Ba a jima ba sai ga motar ƙungiya tana tahowa tsakanin kunyoyi, Morita da Takeda a ciki.

"Tun yaushe?" in ji Morita.

"Tun haihuwa."

"Muna tare a Akara, muna tare a nan, kana ji ina neman bahago kamar mai neman magani, ka yi shiru?"

Na sunkuyar da kai. Takeda ya riga ya auna taku ya tsuguna a bakin gona da safarsa. Morita ya sa mini ƙwallo a hagu ya ce in jefa masa. Na ce ba zan iya ba. Ya zaci ciwo ne, na ce ba ciwo ba ne. Da guntun Turancina na yi masa bayanin hannun ci da hannun tsarki, da babba da yaro, da ludayin Inna. Ya fassara wa sauran. Na jira su yi dariya, babu wanda ya yi.

Takeda ya taso a hankali ya zo gabana. Ya ɗaga hannunsa mai safa ya yi magana, Morita ya fassara.

"Ya ce wannan wane hannu ne?"

"Hagu."

"Ya ce tun da ka zo da shi yake karɓar duk abin da ka ba shi. Kai ma in ya maido maka, da wanne kake karɓa?"

Shekara da shekaru ina karɓar ƙwallo da hagu daga hannun malamai da manya, ban taɓa lura ba, don fata ta rufe hannun. Kunya ta kama ni, dariya ma ta so ta kama ni. Duk da haka na ce karɓa da safa daban, bayarwa da tsirara hannu daban, kuma sai na tambayi mahaifiyata. Morita ya cire hularsa ya dubi sama. Kaka Fumi ce ta raba gardamar. Da aka fassara mata ta gyaɗa kai da ƙarfi, ta ce wa Morita wani abu a taƙaice, ya mai da hularsa. Daga baya ya gaya mini cewa ta yi, wadda ta ɗaure hannun ita ce za ta kwance shi.

La'asar ɗinmu hantsi ne a Kaura. Na kira wayar Kawu aka kai wa Inna. Bayan gaisuwa na gaya mata komai, har da kafaɗar da na daɗe ina ɓoye mata, da maganar komowa gida in lokacin kaka ya yi. Ina jin kaji da muryar yara a bayanta.

"To mi kaka so in ce?"

"Sun ce in yi jihwa da hagu, Inna."

"Tsuntsu za ka jihwa ko mutum?"

"Mutum nika jehwa ma, shi tara."

"Yaro na ko babba?"

"Ya girme ni sosai."

Ni dai na san abin da ke kan sikeli. A gefe ɗaya tukunyar gidan Kawu, a ɗaya gefen aikin da ta sha wahalar yi a kaina ita kaɗai, mutanen gari suna kallo.

"Shi babban, shi yac ce ka ba shi da hagun?"

"Shi yar roƙa da bakinai."

"To in babba ya roƙa ba ka ƙi ba. Amma Lawali, ka tallabo da dama ka ce mai gafara. Kowane jihwa. Kada sabo shi sa ka bari."

"Inna, jihwa ta kai ɗari ga wuni."

"Bakinka ciwo shikai? Kuma ban ce ka ci tuwo da shi ba."

Washegari a fili na hau tudu da aron safar dama. Na tallabo wuyan haguna da ita, na ɗan rusuna, na ce "gafara da hagu", na saki. Ƙwallon ya bi ta saman Takeda ya daki motar ƙungiya. Na biyu ya shiga raga. Na uku ya tafi kamar zai daki inda mai bugu ke tsayawa, sai ya lanƙwaso ya faɗa cikin safa. Takeda bai gyaɗa kai ba, bai kuma maido da ƙarfi ba. Ya tsaya yana juya ƙwallon a hannunsa. Da aka tashi ya sa Morita ya tambaye ni abin da nake faɗa kafin jifa, da abin da ake amsawa. Na gaya masa. Ya ce to, ya tafi.

Hannun da bai taɓa jifan komai ba sai hoge ba ya zama na ɗan wasa a wata guda. Abin da Morita ya iya samo mini shi ne lokacin sanyi. Masu ƙungiya suka yarda in zauna har bazara, sannan su gwada ni, in ban yi ba shi ke nan. Na yi sanyin nan a siton Kaka Fumi. Da safe mu tantance albasa, da rana mu ture buhuna gefe, Takeda ya zo bayan ya sauke madara ya tsuguna a ƙarshen sito. Ƙanƙara ta rufe taga, numfashinmu yana hayaƙi. Na fasa wa Kaka Fumi fitila, na huda buhuna ban san iyaka ba, ba ta taɓa ɓata rai ba. Kowace jifa sai na nemi gafara, shi kuma bai taɓa amsawa ba. Na ɗauka abin bai dame shi ba ne.

Ranar gwaji masu ƙungiya suka zauna a benci cikin manyan riguna. Aka tsayar mini da wanda ya fi kowa iya bugu a cikinmu, shi ma bahago. Na hau tudu. Na tuna gidan Kawu, da ɗaki ɗaya da Inna ke ciki da yara, na ji ƙwallon ya yi mini nauyi kamar dutsen sikelin Baba Na-Moriki. Yatsuna suka ƙi rufuwa a kansa. Don sabo kawai na tallabo hannun na rusuna.

"Gafara da hagu."

Sai daga bayan ƙarfen da ke rufe fuskar Takeda na ji murya ta fito da ƙarfi, har benci suka ji.

"Ba komi!"

Da harshen Shinkafi ya faɗe ta, yadda na koya masa sau ɗaya tak. Ashe ajiye ta ya yi duk tsawon sanyin nan sai ranar da zan buƙace ta. Na saki. Mai bugu ya kai gora inda ƙwallon ya nufa, ƙwallon kuwa ya riga ya canza shawara. Ban ce duk jifar ranar ta yi kyau ba, ya samu wasu ya make. Amma da aka tashi Morita ya zo ya ce in je a auna ni, za a saya mini safar dama tawa ta kaina.

Kada in yi ƙarya, ban zama tauraro ba. Aikina shi ne in wasa ya yi tsanani, bahago ya zo bugu, a kira ni in fuskanci mutum ɗaya ko biyu in sauka. Wani lokaci in yi nasara, wani lokaci a kore ni da gora. Amma gurbi ne, kuma nawa ne. Tsofaffin manoman da ke zama kan tudun ciyawa suna kallo sun gane al'adar, in na rusuna sai su taya Takeda amsawa, Kaka Fumi a gabansu.

Da kakar wasa ta ƙare na samu zuwa gida karon farko. Na tarar da Inna a tsakar gidan Kawu tana tsince wake. Ta rame, ta yi furfura. Na durƙusa na gaishe ta, muka daɗe ba mu dubi juna sosai ba. Da masu sannu da zuwa suka ragu sai ta ce in miƙo hannu. Na miƙa dama.

"Ba shi ba. Wancan."

Ban taɓa miƙa wa Inna hagu ba tun ina da wayo. Na tallabo shi da dama, na buɗe baki zan faɗi abin da na saba, ta girgiza kai. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta juya bayansa tana shafa wurin da ludayi ya saba sauka. Ta sa aka kawo mata man kaɗe ta lakata ta mulke shi yatsa bayan yatsa. Ba da ni ta yi magana ba, da hannun ta yi.

"Na buge ka da yawa, kai kuwa ba ka riƙe ni a zuci ba. Kai ka ciyar da mu."

Ƙanwata ta kawo tuwon dawa da miyar kuka ta ajiye a gabana, tare da ruwan wanke hannu. Inna ta koma kan wakenta kamar ba ta damu ba, amma ina ganin ƙwayar idonta a kan akushi. Na wanke hannu, na yi bismilla, na sa dama. Sai a lokacin ta ci gaba da tsintar wake.